Yadda Ake Sauraron 'Yan Wasa a Kan Gem Mai Sauri da Aka Ƙera Don Gasa

Duk wanda ya taɓa shiga gasar ƙera wasan kwamfuta cikin kwana biyu ko uku, irin wadda masu harkar suke kira gem jam, ya san cewa aiki ba ya ƙarewa a lokacin da aka ɗora wasan a intanet. Washegari ne ra'ayoyin jama'a suke fara shigowa, kuma idan wasan na sauri ne, wato irin wanda ake kauce wa haɗari ana tara maki har a faɗi a sake farawa, to magana ɗaya ce za ta riƙa dawowa da kalmomi daban-daban: wasan yana da daɗi, amma ya yi wuya. A nan ne mai ƙera wasan, wanda rabonsa da barcin kirki kwana uku ke nan, yakan yi ɗaya daga cikin kurakurai biyu. Ko dai ya ce a ransa mutanen nan ba su iya ba ne, ya bar wasan yadda yake, ko kuma ya firgita ya rage saurin komai har wasan ya yi lami, ya rasa abin da ya sa aka so shi tun farko.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gaskiya ne, amma duk kafintan da ya taɓa gyaran rufin kwano zai gaya maka cewa hujin da ruwan yake shigowa ba lallai ne ya kasance saitin inda yake ɗiga ba, domin ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya sauko. Haka lamarin ɗan wasa yake. Idan ya ce ransa ya ɓaci a wuri kaza, ka yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin ba wanda ya fi shi sanin abin da ya ji. Idan kuma ya ce maganin shi ne ka rage gudun maƙiya ko ka ƙara masa rayuka uku, to wannan shawara ce kawai, kuma hawa rufin a nemo hujin aikinka ne.

Kafin a shiga hanyoyin, yana da kyau a san su wane ne masu ba da ra'ayin. Gasar Ludum Dare, wadda aka fara a 2002, tana da ɓangaren mutum ɗaya mai awa 48 da ɓangaren haɗin gwiwa mai awa 72, kuma waɗanda suka shiga gasar su ne suke buga wasannin juna su ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar a fannoni kamar daɗin wasa, sabon tunani, bin jigo, zane da sauti. Wasa yana buƙatar aƙalla mutum 20 su ba shi maki kafin ya samu matsayi a sakamako. Global Game Jam, wadda aka fara a 2009, tana tara mutane ne a wurare daban-daban na duniya cikin watan Janairu, inda ake nuna wa juna wasanni ido da ido, yayin da shafin itch.io, wanda aka buɗe a 2013, yake ɗauke da gasanni masu yawan gaske, har da ta GMTK, wadda Mark Brown, mai tashar Game Maker's Toolkit a YouTube, ya fara a 2017. Abin da wannan yake nufi shi ne, yawancin masu buga wasanka maƙera ne irinka, a gajiye suke, kuma akwai wasanni da dama a gabansu da suke jiran a duba su. Mintuna kaɗan za su ba ka. Wasan sauri yana da sa'a a nan, domin cikin minti ɗaya yana iya nuna duk abin da yake da shi, amma cikin minti ɗayan nan ne kuma yake iya korar mutum har abada.

Ma'aunin da ya kamata ka riƙe tsoho ne. Wasannin akwati na zamanin jefa kwabo, irin su Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980, sun rayu ne a kan sharaɗi guda: idan ɗan wasa ya faɗi, dole ya ji cewa laifinsa ne kuma zai iya gyarawa, domin wanda ya ji an cuce shi ba zai sake jefa kuɗinsa ba. Yau babu kwabo, amma akwai maɓallin sake farawa, kuma duk ra'ayin da za ka tattara yana komawa ne ga tambaya ɗaya: bayan ya faɗi, ya sake dannawa ko ya rufe?

Gwaji kafin lokaci ya cika

Ra'ayin da ya fi amfani shi ne wanda ya zo lokacin da kake da damar gyarawa, saboda haka kada ka jira sai an rufe gasar. Da zarar wasan ya kai matsayin da za a iya motsawa a faɗi a sake farawa, ko da kuwa komai a cikinsa murabba'i ne marar ado, ka ba wani ya buga. A gasar awa 48, ya kamata wannan ya faru kafin ƙarshen rana ta farko. Dalili kuwa shi ne, hannunka ya riga ya lalace a matsayin ma'auni. Ka buga matakin farko sau ɗaruruwa kana gwada lambobi, ka san daga ina haɗari zai ɓullo tun kafin ya bayyana, kuma yatsunka sun saba da kowace tangarɗa har sun koyi zagaye ta ba tare da ka sani ba. Saurin da kake jin daidai ne, ga sabon mutum kusan kullum ya wuce ƙima.

Na koyi wannan ne a gasar da na fara shiga, inda na ƙera wasan ɗan ƙaramin jirgi mai tsallakawa tsakanin layuka uku yana kauce wa duwatsu. Na miƙa wa ɗan yayata, yaro mai son gem wanda hannunsa ya fi nawa sauri, na zauna gefe ina jiran yabo. Ya faɗi sau uku a jere a wuri ɗaya, kuma a kowane karo ina jin ƙarar maɓallin tana ƙaruwa, yana danna shi da ƙarfi kamar wanda yake ƙwanƙwasa ƙofar da aka ƙi buɗewa. Sai ya ɗago ya ce, "Kawu, ni fa na danna, shi ne bai tafi ba." Na ce masa ya makara ne, ya sake gwadawa. Da daddare da na duba, sai na ga yaron ya fi ni gaskiya: muddin jirgin yana tsakiyar tsallakawa daga layi zuwa layi, wasan ba ya sauraron maɓalli ko kaɗan, don haka duk wanda ya danna na biyu da sauri, dannawarsa ta tafi a banza. Ni na saba jira na ɗan lokacin nan ba tare da na lura ba. Ƙarar maɓallin ta riga ta gaya mini komai tun kafin ya buɗe baki, ni ne ban saurara ba.

Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce shiru. Ka miƙa masa kwamfutar, kada ka bayyana masa maɓallai, kada ka gaya masa manufar wasan, domin ranar da baƙo zai buɗe shi a wata ƙasa ba ka nan. Ka zauna a bayansa ta gefe, inda za ka iya ganin allo da hannunsa gaba ɗaya, da takarda da biro. Idan ya tambaye ka abin da zai yi, ka mayar masa da tambayar, ka ce mene ne kake tsammani, sannan ka rubuta cewa a nan ya rikice. Wannan shirun yana da wuya ƙwarai, musamman idan kana ganin mutum yana ta faɗawa cikin abin da kalma ɗaya za ta fitar da shi, amma kalmar nan da ka furta ta ɓata maka gwajin. Ka lura da maɓallin da ya fara taɓawa, da inda idonsa yake, da lokacin da ya sunkuyo gaba ko ya jingina baya, da abin da ya yi a sakan biyun farko bayan ya faɗi.

Ba ka buƙatar taron jama'a. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhajoji da shafukan intanet, ya rubuta a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, kuma duk da cewa ba a kan wasanni yake magana ba, darasin yana aiki a nan: ƙananan gwaje-gwaje da ake maimaitawa bayan kowane gyara sun fi babban gwaji guda. Abin da za ka yi tattali shi ne sabbin idanu, domin kowane mutum sau ɗaya tak yake zama sabo. Idan kana da mutum shida da za su taimaka, kada ka kira su duka a rana ta farko. Ka fara da biyu, ka gyara, ka kira wasu biyun, ka ajiye na ƙarshe har zuwa awannin ƙarshe.

Akwai kuma batun kara, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Abokinka ko ƙanenka da ya ga idanunka sun yi ja don rashin barci ba zai dube ka ya ce wasanka bai yi ba, zai ce masha Allah, ka yi ƙoƙari. Don haka tambayar "ya ka ji shi?" ɓata lokaci ce. Ka tambaye shi abin da ba shi da amsar ladabi: me ya kashe ka a karo na ƙarshe, a ina ka ji an cuce ka, me wannan jan abin yake yi, ta yaya ake samun maki da yawa, idan za ka bayyana wa wani wasan nan me za ka ce masa. Idan ya kasa faɗin abin da ya kashe shi, ka samu babbar matsala ko da ya rantse cewa wasan ya yi daɗi. Ni nakan ƙara wata dabara, wato in ce masa na gode, mun gama, sannan in yi kamar ina rubutu. Wanda ya ci gaba da bugawa bayan an sallame shi ya ba ka amsar da babu kara a cikinta.

Idan akwai ɗan lokaci, ka sa wasan ya riƙa rubuta abubuwa uku a fayil: sakan nawa aka yi kafin faɗuwa, mene ne ya jawo ta, da kuma sau nawa aka sake farawa. Aikin mintuna ne, kuma yana raba gardama tsakaninka da abokan aikinka fiye da kowace muhawara.

Abubuwan da ke ɓoye a cikin "ya yi wuya"

Wannan ita ce zuciyar aikin, domin jimlar nan guda tana iya nufin abubuwa da dama waɗanda magungunansu ba su da alaƙa da juna. Na farko shi ne bai ga haɗarin ba. Matsakaicin mutum yana buƙatar kusan rubu'in sakan tsakanin ganin abu da motsa yatsa, kuma a wasan da yake sabunta hoton allo sau 60 a sakan ɗaya, wannan ya kai firem 15, wato sabuntawar hoto sau 15. Ka yi lissafi da lambobin wasanka. Idan dutse yana tafiyar ɗigon allo 10 a kowane firem, kuma yana bayyana ne ɗigo 120 daga inda ɗan wasa yake, to firem 12 kawai ka ba shi, wato ka kashe shi kafin jikinsa ya samu damar amsawa. Kai kana tsallakewa ne domin ka haddace, ba don kana gani ba. Maganin a nan ba lallai ne ya zama rage gudu ba. Kana iya ja da kyamara baya don a ga nesa, ko ka matsar da ɗan wasa zuwa gefen allo, ko ka sa wata alama ko ƙara ta gargaɗi rabin sakan kafin haɗarin ya shigo. Haka kuma idan launin abin da ake gudu ya yi kama da na bayan fage, ko tartsatsin ado ya rufe harsashi, ɗan wasa zai ce wuya, alhali duhu ne. Kada ka dogara da ja da kore kaɗai wajen bambanta abin ɗauka da abin gudu, domin su ne launukan da masu matsalar tantance launi suka fi rikitawa, sai ka bambanta siffarsu ma.

Na biyu shi ne irin na ɗan yayata, wato ya danna amma ba a amsa masa ba. Maganinsa shi ne wasan ya riƙe dannawar da ta zo da wuri na 'yan firem kaɗan, ya aiwatar da ita da zarar dama ta samu. Ɗan'uwan wannan shi ne sassaucin gefen rami, inda ake barin mutum ya yi tsalle ko da ƙafarsa ta bar ƙasa da ɗan ƙiftawar ido. Celeste, wanda Maddy Thorson da Noel Berry suka fara ƙera samfurinsa cikin kwana huɗu a 2015 kafin cikakken wasan ya fito a 2018, ya yi suna wajen wuya, amma cike yake da irin waɗannan sassauce-sassaucen da ɗan wasa ba ya gani. Wasan yana duba nufin mai bugawa ne, ba ya kama shi da laifin kashi ɗaya cikin sittin na sakan. Ina ganin babu gyaran da yake da arha kamar wannan idan aka kwatanta da amfaninsa, kuma shi ne wanda sababbin maƙera suka fi mantawa da shi.

Na uku shi ne "ai bai taɓa ni ba." Idan ka ji wannan, ka duba iyakar karo, wato siffar ɓoye da kwamfuta take amfani da ita wajen yanke hukuncin cewa abu biyu sun haɗu. Sau da yawa murabba'i ce da ta kewaye hoto mai zagaye, don haka kusurwoyinta suna kashe mutum a fili inda ido bai ga komai ba. Al'adar da masu wasannin harbi suka daɗe a kai ita ce a ƙanƙanta iyakar ɗan wasa da ta haɗari fiye da hotonsu, a kuma faɗaɗa ta abubuwan ɗauka. Wanda ya sha da ƙyar yakan ji kansa gwani, wanda kuwa iska ta kashe yakan rufe shafin.

Na huɗu ba ya cikin tsarin wasan ma, yana cikin na'urar mai bugawa, kuma shi ne ya fi yaudara, domin ba za ka taɓa ganinsa a kwamfutarka ba. Idan ka ɗaure motsi da yawan firem maimakon ainihin lokacin da ya wuce, wasan da ka daidaita a allo mai sabuntawa sau 60 zai yi gudu fiye da ninki biyu a allo mai sabuntawa sau 144, kuma mai irin wannan allon zai rubuta maka cewa wasanka ba ya buguwa, yana da gaskiya kuwa. A tsohuwar kwamfutar cinya kuma akasin haka ne, hoto zai riƙa tsinkewa a daidai lokacin da abubuwa suka yi yawa. Sai batun kibod. Maɓallan W, A, S da D da aka saba amfani da su wajen motsi suna zaune a jere ne a tsarin Ingilishi, amma a kibod na tsarin Faransa, wanda za ka tarar a kwamfutoci da yawa a Maraɗi da Damagaram, A da Q sun yi musanyar wuri, haka ma W da Z, don haka yatsun mai bugawa za su harɗe. Ka karɓi maɓallan kibiya tare da haruffa, ko ka sa wasan ya duba mazaunin maɓalli maimakon harafin da ke kansa. Wasu kibod masu araha kuma ba sa iya karɓar wasu maɓallai uku a lokaci guda, misali kibiyoyi biyu da maɓallin tazara. A burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, kibiyoyi da maɓallin tazara suna iya gungura shafin maimakon motsa wasan idan ba ka hana ba, kuma sauti ba zai tashi ba sai mutum ya taɓa wani abu tukuna. Duk lokacin da mutum ɗaya ya kawo ƙorafin da ya sha bamban da na kowa, ka fara tambayarsa na'urar da ya yi amfani da ita kafin ka taɓa lamba ko ɗaya.

Na biyar shi ne tsadar faɗuwa. Idan bayan kowace mutuwa sai an kalli hoton fashewa na sakan uku, a koma shafin farko, a danna da linzami, sannan a sake bin sakan ashirin na farko da babu komai a cikinsu, mutum zai ce wasan ya yi wuya alhali jira ne ya gundure shi. Super Hexagon na Terry Cavanagh, wanda ya fito a 2012 kuma asalinsa ɗan ƙaramin wasa ne da aka yi wa gem jam, yana buƙatar mutum ya rayu sakan 60 kawai kafin a ce ya ci mataki, sabon shiga kuwa yakan faɗi cikin 'yan sakanni, amma dannawa ɗaya take mayar da shi fage nan take. Ka sa maɓallin sake farawa ya kasance ƙarƙashin yatsan da yake wasa, ka nuna masa makinsa kusa da mafi girman makin da ya taɓa samu, ka ƙyale shi ya koma.

Sai idan ka tace duk waɗannan, ka tabbatar mutane suna gani, ana amsa musu, ba a cutarsu, kuma har yanzu yawancinsu suna faɗuwa cikin sakan goman farko, sannan za ka ce lallai hawan ya yi tsini. Ko a nan ma, farkon wasan za ka sassauta ka bar ƙarshensa da zafinsa, ka shigo da haɗari iri ɗaya a lokaci guda kafin ka fara gauraya su.

Ƙorafin da ke kishiyar wannan, wato wasan ya yi sanyi ko ba a jin duka, yawanci maganar sauti ce da amsawar allo: ɗan tsayawa na firem biyu ko uku lokacin da aka yi karo, ƙara mai gamsarwa, ɗan girgizar allo. Sai dai a yi hattara, domin walƙiyar da ta wuce sau uku a sakan ɗaya tana iya tayar wa masu farfaɗiya ciwonsu, girgiza mai yawa kuma tana sa wasu jiri. Idan mutum ɗaya kacal ya yi wannan ƙorafin, ka ɗauke shi da muhimmanci ka sa hanyar kashewa, ba sai ka jira na biyu ba.

Lokacin ba da maki da abin da ke biyo baya

Ra'ayi ba ya zuwa da kansa. Ka fitar da wasan a siffar da ake bugawa kai tsaye a burauza, domin mutane da yawa ba za su sauke fayil daga wanda ba su sani ba. Ka rubuta maɓallai a cikin wasan da kuma saman shafinsa. Sannan ka je ka buga na wasu ka bar musu tsokaci na gaskiya, domin harkar cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ce, kuma a Ludum Dare tsarin shafin ma yana fifita nuna wasannin waɗanda suke duba na wasu. Idan kana rubuta wa wani, ka ba shi irin abin da kake so a ba ka: makin da ka kai, abin da ya kashe ka, na'urar da ka yi amfani da ita, da abu guda da ya burge ka wanda ka ambata da sunansa. A naka shafin kuma ka roƙi abu takamaimai, kamar a gaya maka mafi girman maki da kuma wurin da aka daina, domin buɗaɗɗiyar tambaya yabo kawai take jawowa.

Idan tsokaci ya taru, ka buɗe takarda mai gida uku: abin da mutumin ya faɗa, abin da kake jin ya same shi, da abin da kake zargin shi ne sanadi. Wanda ya ce a ƙara garkuwa, wataƙila abin da ya same shi shi ne ya faɗi ba tare da ya ga mafita ba, sanadin kuwa yana iya zama duwatsun da suke fitowa da ka suna toshe dukkan hanyoyi a wasu lokuta. Garkuwa za ta rufe wannan ɓarakar ne kawai. Maƙera 'yan'uwanka sun fi kowa yawan ba da shawarar ƙari, sabbin makamai da shugabannin maƙiya da kantin saye, domin kowa yana hango wasan da shi zai ƙera. Ka gode musu, ka rubuta, amma ka auna kowace shawara da tambayar ko za ta sa a ƙara danna maɓallin sake farawa. Abin da mutum uku da ba su san juna ba suka faɗa ya fi nauyin doguwar wasiƙar mutum ɗaya, kuma ka riƙa tunawa cewa waɗanda suka rikice tun a sakan na farko galibi ba sa rubuta komai, tafiyarsu kawai suke yi. Taurari kuwa suna nuna maka fannin da ya yi rauni ne, ba sa gaya maka dalili.

Kada ka yi jayayya a wurin amsa tsokaci, ko da an yi maka rashin adalci. Idan mutum bai gane wani abu ba, bayyana masa a rubuce ba ya gyara wasan ga na bayansa. Ka gode masa, ka yi masa tambaya guda da za ta kai ka ga hujin. Kalma mai zafi kuma ka bar ta ta kwana kafin ka amsa, domin gajiya tana ƙara wa magana kaifi.

Game da gyara, ka karanta dokar gasar da ka shiga tukuna. Ludum Dare tana yarda a gyara tangarɗar da take hana wasa gudana bayan cikar lokaci, amma ba ta yarda a ƙara sabon abu ba, kuma ana son ka bayyana abin da ka canza, wasu gasannin kuma sukan kulle ɗora fayil gaba ɗaya har sai an gama ba da maki. Daidaita wuyar wasa ko gudunsa ba gyaran tangarɗa ba ne, don haka ka bar siffar gasar yadda take, ka fitar da wata daban mai ɗauke da bayanin cewa ta bayan gasa ce. A cikin wannan ta biyun, ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda. Idan ka ƙanƙanta iyakar karo, ka ƙara gargaɗi, ka kuma rage gudu duk a dare ɗaya, wasan zai yi sauƙi fiye da yadda kake so kuma ba za ka san wanne ne ya yi aikin ba. Ka fara da amsa maɓalli, sai iyakar karo, sai gani, ka bar gudu a ƙarshe, kuma bayan kowane canji ka nemo mutum biyu da ba su taɓa ganin wasan ba, ka miƙa musu kwamfutar, ka koma bayansu da takardarka kana ƙirga sau nawa kowannensu ya sake farawa kafin ya ɗago kai.